Kuɗin Goro

Ƙannena, samari da 'yan matan Fagge da Sabon Gari, kafin in yi muku nasiha bari in fara tona wa kaina asiri, don laifi tudu ne, kuma na daɗe ina taka nawa ina hango na wasu.

Ina da shekara 19 ina tsaron shagon kawuna a Kantin Kwari. Wata ranar Alhamis da yamma muka ƙirga kaya, sai turmi uku na atamfa suka yi ɓatan dabo. Mu huɗu ne muke shiga shagon: ni, da ɗan kawuna, da wani yaron maƙwabta, sai wani ɗan dako, ɗan ci-rani daga wajen Damagaram. Kowa Buzu yake ce masa, alhali Hausa ya tsotsa a nono kamar mu. Ba a yi shawara ba, ba a ƙifta wa juna ido ba, amma idanunmu duka a kansa suka sauka. Aka kira shi, aka zazzage buhun da yake ajiye 'yan komatsansa a gaban jama'a. Riga biyu suka faɗo, da kwanon sha, da carbi. Bai ɗaga murya ba. Ya durƙusa ya mayar da kayansa ɗaya bayan ɗaya, ya dubi kawuna ya ce, "Alhaji, na gode. Allah ya bayyana gaskiya." Ya saɓa buhunsa ya tafi.

Ranar Asabar da hantsi wata hajiya mai sarin kaya a wurinmu ta zo biyan kuɗin turmi uku. Ni na ba ta bashinsu da hannuna ranar Laraba, na manta ban rubuta a littafi ba.

Mantuwa kowa yana yi. Abin da yake ci mini rai har yau shi ne saurin da idona ya yi. Da wani ya tambaye ni a safiyar ranar ko ina ƙin 'yan ci-rani, da na rantse masa ba na ƙin kowa, kuma da gaskiyata zan rantse. Kwano ɗaya muke ci da mutumin nan, sahu ɗaya muke tsayawa. Ashe can ƙasan zuciyata akwai hukuncin da na yanke masa tun kafin a yi laifin: baƙo ne, ba a san gidansu ba, ba shi da mai tsaya masa. Hukuncin yana kwance yana barci, ɓatan atamfa ne kawai ya tashe shi. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Bahaushe ya ba irin wannan hukunci suna tun da daɗewa. In ka je kasuwar goro ta Mariri za ka ga ba a tsayawa yi wa kowane goro kuɗinsa. Ƙwarya ake ƙirgawa, wato ɗari, a yanke mata kuɗi ɗaya, da ƙosasshe da ƙanƙararre. Wannan ciniki ba ya cutar kowa, domin abin da mai saye ya rasa a ƙaramin goro zai same shi a babba. Amma da zarar an yi wa mutane kuɗin goro, mai gaskiya ne yake biyan bashin maƙaryaci, kuma babu babban goron da zai mayar masa da mutuncin da aka zubar masa a bainar jama'a.

Ku kasa kunne ga hirarmu ta majalisa, za ku ji inda abin yake ɓuya. Wani zai ce, "Inyamuri ne, amma wallahi yana da amana." A ganinsa yabo ya yi. To ku dubi wannan "amma". Ma'anarta ita ce an riga an gama da duk danginsa, shi kaɗai aka zare kamar gashi daga cikin man shanu. Haka "mace ce amma tana da hankali", haka "almajiri ne amma ba ya ɗauke-ɗauke". Akwai kuma 'yar gajeriyar jimlar nan mai rufe kowace muhawara: "Ai ka san halinsu." Su wa? Mutum nawa ka zauna da su cikin miliyoyin da ka tattara a wannan "su"?

Ita kanta kalmar Inyamuri, abin da aka fi faɗa shi ne daga maganar Ibo ta samo asali, wadda ke nufin "ba ni ruwa". Roƙon mai jin ƙishirwa ya zama sunan al'umma guda. A ɗaya gefen kuma, duk ɗan Arewan da ya yi ci-rani a Legas ko Fatakwal ya san yadda ake furta "aboki". Kalma ce mai daraja a bakinmu, amma a can sau da yawa tana nufin wawa, ko wanda bai waye ba. Likita ne kai ko mai wankin takalmi, in dai an ga hula da doguwar riga, kai aboki ne. In wannan yana yi muku zafi, to kun san abin da maƙwabcinku na titin Aba ko titin Inugu yake ji idan an kira shi da sunan da bai raɗa wa kansa ba.

Kada ku ɗauka abin ya tsaya tsakaninmu da mutanen Kudu. A cikin gidanmu ma ya yi sheƙa. Waya ta ɓata a adaidaita sahu, wa ake fara kallo, mai shadda ko mai yagaggiyar riga? Bazawara ta zo neman hayar ɗaki, tambayoyi nawa ake yi mata waɗanda ba a yi wa namijin da ya saki mata uku? Saurayi mai addini da sana'a ya zo neman aure, an yaba da halinsa, sai bincike ya nuna kakansa mahauci ne ko wanzami ko maroƙi, sai a ce "a dai ƙara addu'a". Naman mahaucin muke ci kullum, wanzamin ne ya yi mana aski ranar suna, amma jininsu bai isa ya gauraya da namu ba. Ga kuma sabon yayi: tun da ta'addancin daji ya addabi Zamfara da Katsina da Sakkwato, Bafulatani mai sanda ba ya wucewa ta wasu wurare sai an bi shi da ido, alhali makiyaya da yawa su ma an kore musu shanu, an kashe musu 'yan uwa.

Abin mamaki, in akwai wurin da bai kamata wannan hali ya samu gindin zama ba, to nan ne. Fagge zango ce tun asali. Nan ayarin raƙuma daga Azbin yake sauke gishiri da kanwa, nan fatake suke yada zango a wajen ganuwa. Ku shiga cikin birni ku karanta sunayen unguwanni: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Arewacin Afirka suka zauna, da Ayagi wadda Yarabawa suka kafa tun kafin zuwan Nasara. Wangarawa daga Mali suka zo zamanin Sarki Yaji. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma, Ba'agale ne, kuma Agalawa tushensu daga wajen Azbin yake. Yau wa zai ce zuriyarsa ba Kanawa ba ne? Kano ta zama Kano ne saboda ta iya mayar da baƙo ɗan gari. Wanda duk yake taƙama da asali a garin nan, ya bi salsalarsa a hankali, da wuya bai tarar da kakan da ya shigo ta wata ƙofa da jaka a kafaɗa ba.

Sabon Gari kuwa labarinsa daban ne. Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, ya zo da akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu. Maimakon a bar su su narke cikin gari kamar yadda mutanen Ayagi suka narke, wajen 1913 sai aka yanka musu wuri na dabam, aka ja masa layuka, kuma aka shafe shekaru masu yawa ba a ƙarƙashin Sarki yake ba. Turawan suka keɓe kansu a Nasarawa. Can Ibadan ma an ware wa Hausawa unguwar Sabo a 1916. Sakamakon shi ne maƙwabta biyu da tafiyar 'yan mintuna ce tsakaninsu, suna haɗuwa a kasuwa da rana, da magariba kowa ya koma cikin nasa. Ka san kuɗin kayan mutum amma ba ka san sunan 'ya'yansa ba. Inda sani ya yi ƙaranci kuwa, ji-ta-ji-ta ce take cike gurbin.

An ga abin da hakan ya haifar a watan Mayun 1953. A ƙarshen Maris na shekarar Anthony Enahoro ya gabatar da ƙudurin neman mulkin kai a 1956, wakilan Arewa ƙarƙashin Sardauna suka ce a jira lokacin da ya dace, aka yi musu ihu da ature a Legas. Da jam'iyyar Action Group ta shirya turo tawaga Kano ƙarƙashin Samuel Akintola, sai gari ya ɗau zafi. Ranar 16 ga Mayu rikici ya ɓarke, aka kwana huɗu ana gwabzawa tsakanin Fagge da Sabon Gari, mutum fiye da 30 suka mutu, fiye da 200 suka ji rauni. Ga abin lura: Akintola Bayarabe ne, jam'iyyarsa ta Yammacin Najeriya ce, amma faɗan ya fi ƙamari tsakanin Hausawa da Ibo. Da wuta ta kama, ba wanda ya tsaya tambayar wa ya yi ihun Legas. Ɗan Kudu ɗan Kudu ne, ɗan Arewa ɗan Arewa ne. Aka sake ganin irinsa, har ma da wanda ya fi shi muni, a 1966 da 1991 da 2004.

Kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. A ƙarshen Maris na 2025, ana cikin azumi, wasu mafarauta suka taso daga Fatakwal za su zo gida sallah. A Uromi ta jihar Edo aka tare motarsu, aka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne. Mutum 16 aka kashe, akasarinsu 'yan jihar Kano. Duk mun yi kuka, kuma mun yi daidai da muka yi kuka. Amma ku yi tunani: waɗanda suka kewaye su ba a ranar suka yanke musu hukunci ba. Sun daɗe suna jin cewa duk mai irin wannan kama da irin wannan harshe mugu ne. A teburin mai shayi da cikin wayoyi aka yi shari'ar, a bakin titi aka zartar da ita. Idon da suka kalli mafarautan nan da shi, ɗan uwan idon da na kalli ɗan dakonmu ne. Girma kawai ya fi shi.

Na san wani a cikinku zai ce, "Yaya, ka faɗi gaskiya, amma ni an taɓa cutata. An sayar mini da jabun kayan mota a Sabon Gari." Ban ƙaryata ka ba. Macuta suna nan a kowace kasuwa. Amma lura da yadda kake ba da labarin. Ranar da Bahaushe ya sayar maka da shinkafa da tauyayyen mudu, cewa ka yi "wane ya cuce ni", ka ambaci sunansa, laifin ya tsaya a kansa. Ranar da Ba'ibo ya cuce ka, cewa ka yi "mutanen nan ba su da amana". Naka in ya yi laifi mutum ɗaya ne, na wasu in ya yi laifi wakilin kabila ne. Sannan sau hamsin da aka sayar maka da kaya mai kyau a layin nan, ko ɗaya ba ka riƙe ba, don ba a ba da labarin cinikin da ya tafi lafiya. Zuciya tana tara shaidun da suka dace da hukuncin da ta riga ta yanke, sauran ta watsar.

Ba na ce ku zama sakarkaru ba. Ku ƙirga canji, ku duba kaya kafin ku biya, ku rubuta bashi, ku sa shaidu. Amma ku yi wa kowa haka, da mai gemu da mai sarƙar giciye, da ɗan unguwarku da baƙo. Taka-tsantsan mudu ɗaya gare shi. Da zarar kun ga kuna da mudu biyu, ɗaya na gida ɗaya na waje, to sunan abin ya canza.

Addinin da muke taƙama da shi bai bar mana mafaka a nan ba. Suratul Hujurat ta hana izgili, ta hana jifan juna da munanan laƙabi, ta hana yawan zato, ta yi umarni da a binciki labari kafin a yi aiki da shi. Malaman tafsiri sun kawo cewa wasu ayoyi na Suratun Nisa'i sun sauka ne a kan wani Musulmi a Madina da ya saci sulke ya jingina wa Bayahude laifin, danginsa suka zo suna kare shi, sai wahayi ya wanke Bayahuden. Ku duba fa: Musulmi ne mai laifi, Bayahude ne mai gaskiya, kuma aka ajiye hukuncin cikin abin da za a yi ta karantawa har tashin duniya. Sahabi Abu Zarri ya taɓa goranta wa wani mutum uwarsa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna masa cewa da sauran jahiliyya a tare da shi. In mutum kamar Abu Zarri bai tsira daga ɓurɓushin wannan ciwo ba, ni da ku su wa? 'Yan uwanmu Kirista kuma suna da labarin Basamariyen da ya ceci wanda 'yan fashi suka yasar a hanya, bayan manyan masu ibada sun ratse sun wuce. Mutumin da aka raina kabilarsa shi ya zama abin koyi.

Tarihinmu ma ba jini kaɗai ne a cikinsa ba. A shekarun 1950 mutanen Inugu sun zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garinsu na farko. Cikin mutum takwas da suka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950 akwai Bello Ijumu, Bayarabe daga ƙasar Kabba. A 1966 Odumegwu Ojukwu, wanda ya riƙe bataliyar soja ta biyar a Kano, ya naɗa amininsa Sarki Ado Bayero uban Jami'ar Nsukka. A Janairun 2012, lokacin zanga-zangar tallafin mai, an ga matasa Kirista a Kano sun yi wa Musulmi zobe suna gadinsu har suka idar da salla. A Yunin 2018 kuma Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi ya ɓoye mutum fiye da 200, akasarinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su. Su ma sun ji labaran da ake bayarwa a kan "mutanen can". Sun dai zaɓi su dubi wanda yake tsaye a gabansu.

Wani zai fake da wasa, ya ce ai barkwanci ne. Barkwanci gadonmu ne, kuma yana da kyau: Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe. Har UNESCO ta sa wasan taubasantaka na Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014. Amma wasan yana da ƙa'ida. Kowa yana da damar ramawa, kuma su biyun suke dariya. In kai kaɗai kake dariya, shi yana murmushin yaƙe don yana tsoron rasa ciniki ko ɗakin haya, to cin fuska kake yi da rigar wasa.

Ga abin da nake roƙonku. Duk lokacin da zuciyarku ta yi saurin yanke wa wani hukunci, ku juya maganar: da ɗan gidanmu ne ya yi haka, me zan ce? In amsar ta bambanta, ku dakata. In bidiyo ya shigo wayarku ta WhatsApp ko TikTok ana cewa ga abin da "suka" yi mana, ku tambayi yaushe, a ina, wa ya gani, kafin yatsanku ya tura shi gaba, domin an sha yaɗa tsohon hoto ko na wata ƙasa a ce na jiya ne. In aka yi irin maganar nan a majalisa, ba sai kun yi wa'azi ba. Ku ce kawai, "Wanne daga cikinsu?" Za ku ga yadda hirar take yin sanyi. Ku kuma taka ku shiga inda ba ku saba ba. Ɗan Fagge ya je gaisuwar mutuwa gidan abokin cinikinsa a Sabon Gari, ɗan Sabon Gari ya zo suna a Fagge. Gani ya kori ji. In kuwa kun riga kun zalunci wani da zato, ku nemi afuwarsa tun yana kusa.

Wannan na ƙarshen shi ne ni ban samu ba. Da gaskiya ta bayyana, kawuna ya ce in nemo mutumin nan a ba shi haƙuri. Na zaga Kwari, na je Singa, na leƙa 'Yan Kura, na bi rumfunan da 'yan ci-rani suke kwana. Duk inda na je sai a ce, "Wa kake nema? Yaya sunansa?" Sai in yi tsuru-tsuru. Rani uku yana ɗaukar mana kaya a ka, muna cin abinci kwano ɗaya, ban taɓa tambayar sunansa na yanka ba. Buzu kawai na sani, kuma ko shi ɗin ba nasa ba ne. Damina ta faɗi, 'yan ci-rani suka koma gida, ban sake ganinsa ba.

Gobe in Allah ya kai mu, akwai wanda za ku kira da "aboki", ko "Inyamuri", ko "almajiri", ko "kai mai ruwa". Kafin ku aike shi ko ku taya kayansa, ku tambaye shi sunansa, ku riƙe.

Allah ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu. Shi kuma bawan Allah nan, in yana raye Allah ya sanyaya zuciyarsa a kaina, in ya riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙansa.